YADDA A KE GANE KO SABON IRIN MASARA YA FI TSOHO

Wannan takarda ta manoman auduga ce na Hawata da ƙauyukan da ke bakin kogin Rahad. Amma wannan karo zancen masara za mu yi. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikinku, iyayenmu da yayyenmu, ku kan ware ɗan wuri kusa da gonar auduga, ko a gaɓar kogi, ku shuka masara domin gashi da abincin kaji da harawar dabbobi. Masu sayar da iri kuma suna kawo masara cikin 'yan jakunkuna masu zane, kowa yana cewa tasa ba ta jin fari. Irin nan da tsada, kuma kowace shekara sai an sake saye. Mutumin da ya ɗebi kuɗin audugarsa ya sayi irin da bai fi na cikin rumbunsa ba, ya yi hasara sau biyu, ga kuɗi sun tafi, ga damina ta wuce.

Saboda haka ya kamata ku san yadda masanan aikin gona su ke auna sabon iri kafin su ce ya fi tsoho, da abin da awon nasu ya nuna, da kuma abin da bai nuna ba. In kun gane wannan, ku ma kuna iya yin irin awon a gonakinku da igiya da sikeli.

MENE NE HAJIN?

Kalmar hajin ba baƙuwa ba ce a gare mu. Dattawa sun tuna da dawar nan Hajin Dura 1, wadda a ka fitar a nan Sudan a shekarar 1983. Wani masani mutumin Habasha, Gabisa Ejeta, shi ya yi aikinta. To, ita ma masara haka a ke yi mata. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna ce wa irin wannan masara mai aure, sunan kuwa ya dace.

Ga yadda a ke yi. Masani ya kan ɗauki masara ya riƙa barbara ta da garin furenta na kanta, shekara bayan shekara, har sau shida ko bakwai. Sai ta tsumbure, ta zama 'yar gajera, goyonta ɗan ƙarami, amma kowane tsiro kamarsa ɗaya da ɗan'uwansa. Ya yi wa wata masara dabam haka. Sa'an nan ya aurar da su biyun, ɗaya uwa ɗaya uba. Ƙwayar da a ka samu daga auren nan ita ce hajin. In an shuka ta sai ta tashi da ƙarfi, ta fi uwar, ta fi uban nesa ba kusa ba. Wani Ba'amurke mai suna Shull shi ya bayyana wannan a shekarar 1908. A nan Afirka kuwa, wata masara mai suna SR52 da a ka fitar a 1960 a ƙasar da yanzu a ke kira Zimbabuwe ta yi suna ƙwarai.

Amma ƙarfin nan na haihuwar fari ne kaɗai. In ka ɗebi iri daga abin da ka girbe ka sake shukawa, sai gonar ta fito wani tsiro dogo wani gajere, amfani kuma ya ragu. Shi ya sa a ke sake saye kowace shekara.

LISSAFIN BUHUNA BA SHI ISA SHAIDA

Wani zai ce, ai abin da sauƙi, bara na shuka tsohon iri na sami buhu biyar a fadan, bana na shuka sabo na sami bakwai, ashe sabon ya fi. A'a, Malam, ba a nan ta ke ba. Ruwan bara ba shi ne ruwan bana ba. Watakila bana ka yi noman farko da wuri, ko ka sami taki, ko wurin da ka shuka auduga ce ta tashi a kai ta bar sauran takinta. Ku manoman auduga kun fi kowa sanin wannan. Iri ɗaya, hawasha ɗaya, mutum ɗaya, amma kantar ɗin bana dabam da na bara, don ruwa ya makara, ko tsutsa ta faɗa, ko feshi bai zo da wuri ba. Ba wanda zai ce irin audugar ne ya sake hali.

Haka nan lissafin ƙasa gaba ɗaya. In Gwamnati ta ce masarar da a ka noma ta ƙaru cikin shekara goma, ba a san rabon iri a ciki ba. Mai yiwuwa gonaki ne a ka faɗaɗa, ko taki ya yi araha.

To, dabarar da masana su ka samo ita ce a tara tsofaffi da sababbi a gona ɗaya, rana ɗaya. A gidajen binciken aikin gona akwai ɗakunan sanyi inda a ke ajiye iyayen kowace masara da a ka taɓa fitarwa. In za a yi awo, sai a fito da iyayen, a sake aurar da su duka cikin damina ɗaya, domin kada ƙwayar wata ta zama tsohuwa ta wata kuwa sabuwa. Ku lura da wannan da kyau. In ka gwada ƙwayar da ta shekara biyar a buhu da wadda a ka girbe bara, tsufan ƙwaya ka auna, ba kyawun iri ba.

Sa'an nan a shuka su duka gefe da gefe, wadda a ka fitar shekara ashirin da su ka wuce, da ta shekara goma, da ta bara. Tazara ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Kowane iri a kan ba shi 'yan kunyoyi a wuri biyu ko uku cikin gonar, ƙuri'a ce kuma ke zaɓa masa wurin, don kada mai awon ya ba wanda ya ke so wuri mai kyau. A kan maimaita wannan a garuruwa da yawa, shekara biyu ko uku. Da girbi a auna nauyin ƙwaya, a kuma auna damshin da ke cikinta, a daidaita lissafi kamar dukansu bushewarsu ɗaya.

Daga nan sai a jera su a takarda bisa ga shekarar haihuwarsu, ta fari a hagu, ta baya-bayan nan a dama, a ɗiga wa kowace ɗigo bisa tsawon amfaninta. In ɗigon suna hawa kamar matakalar soro, an ci gaba. Tsawon kowane taki na matakalar shi ne abin da masu gyaran iri su ka ƙara a shekara guda. In kuwa ɗigon sun miƙe a kwance, to, an yi ta sake suna ne kawai, iri bai gyaru ba.

Wanda ya fi shahara da irin wannan awo shi ne Donald Duvick, masanin kamfanin iri na Pioneer a jihar Ayowa ta Amurka. Ya tara masarar kamfaninsu tun daga ta wajen 1930 har zuwa ta zamaninsa, ya yi ta shuka su tare. Abin da ya gani yana da ban mamaki. In an shuka su da tazara mai yawa, kamar tsiro 4,000 a fadan, tsohuwa da sabuwa kusan amfaninsu ɗaya ne. Amma in an cusa su, tsiro 30,000 ko fiye a fadan, sai tsohuwar ta faɗi, kara da yawa su tsaya ba goyo, sabuwar kuwa ta tsaya kyam kowane kara da goyonsa. Watau ba goyo ne ya ƙara girma ba. Haƙurin masarar da matsi da ƙishi da yunwa shi ne ya ƙaru. Hausawa sun ce sai miya ta ƙare a ke sanin maci tuwo.

FARI NA GANGANCI

Tun da haƙuri a ke nema, tilas a sa masara cikin wahala kafin a san mai haƙurin. Amma ba wanda ya isa ya ce wa sama ta ɗauke ruwa ran kaza. In ka jira farin Allah, wata shekara ba zai zo ba, wata shekara ya zo da wuri, wata kuwa ya ƙone kome har ba abin aunawa. Saboda haka masana su kan yi gwajin da rani, lokacin da babu ruwan sama ko ɗigo, da ban ruwa. Su shayar da gonar sosai har masara ta tasa. In ya rage kamar mako biyu ta fid da fure, sai su datse ruwan. A gefe kuma ga wata gona da irin nan duka, ita ana ba ta ruwa har ƙarshe, domin a san abin da ƙishi ya rage.

Me ya sa lokacin fure? Domin nan ne ran masara ya ke. Dawa namiji da mace duk a kai ɗaya su ke. Masara kuwa namijinta yana can ƙolin kara yana zubo gari, macen tana ƙasa, ita ce gashin nan da ke fitowa a bakin goyo. Kowane silin gashi ƙwaya ɗaya ce, in garin bai faɗa masa ba babu ƙwaya a wurin. Garin kuwa kamar mako guda ya ke yi yana zuba, ya ƙare. To, in ƙishi ya kama masara, furen sama ya kan fita a kan lokacinsa, amma gashin goyo sai ya makara. Kafin ya leƙo gari ya ƙare. Shi ya sa bayan farin tsakiyar damina, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira sabna, za ka ɓare goyo ka tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi warwatse kamar haƙoran tsoho.

Don haka masu awo su kan shiga gona kullum da safe da littafi, su rubuta ranar da rabin tsiron kowane iri ya fara zubar da gari, da ranar da rabi ya fid da gashi. Wanda tsakanin ranakunsa biyu ya yi gajere shi a ke zaɓa. Su kan ƙidaya karan da ba goyo, su duba wanda ganyensa ke naɗewa da hantsi, da wanda ganyen ƙasa ke bushewa da wuri. Ma'aikatar binciken masara da alkama ta duniya da ke ƙasar Meziko, wadda a ke kira CIMMYT, ita ta fara wannan aiki sosai tun wajen 1975, da wata masara mai suna Tuxpeño. Sun yi zaɓe sau takwas, kowane zaɓe yana ƙara kamar kilo 45 a fadan cikin fari.

A Afirka ta Yamma kuwa aikin yana hannun ma'aikatar IITA da ke Ibadan, wadda a ka kafa a 1967, tare da gidan binciken aikin gona na Samaru, Zariya, inda masarar nan mai suna SAMMAZ ke fitowa. Su kan yi farin ganganci da rani a Ikenne, kudancin Nijeriya. A Bagauda ta ƙasar Kano su kan gwada yankewar ruwa a ƙarshen damina, a Kadawa kuma su kan shuka da bazara don masara ta yi fure cikin tsananin zafi.

Ba ƙishi kaɗai ba. Akwai yunwa, akwai kuma ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, Larabawa kuma buda. Ba manomin dawa a ƙasar Gadarif da bai san shi ba, masara ma yana shanye ta. Don gwajin yunwa, su kan sami fili su yi ta shuka shi ba taki, suna kwashe kara da ganye duka, har ƙasar ta gaji, kāna su zuba irin gwajin da ɗan taki kaɗan. Don gwajin ƙuduji kuwa, a Mokwa da Abuja, da hannunsu su ke zuba shi. Ƙwayarsa kamar ƙura ta ke, sai su gauraya ta da yashi mai laushi, su zuba kamar ƙwaya 5,000 a kowane rami kafin su sa masara. Bayan mako takwas, da kuma bayan mako goma, su ƙidaya ƙudujin da ya fito, su ba kowane iri lamba daga 1 zuwa 9 bisa ga yadda ya ƙone. Manomi zai ce wannan hauka ne, mutum ya shuka abokin gāba da kansa. Amma in ba haka ba, wani iri zai tsira don wurinsa ba ƙuduji, a zaci jarumi ne.

ABIN DA AWON YA NUNA

Tsakanin 2007 da 2015 ma'aikatun nan biyu sun haɗa kai sun yi wani babban aiki na samar da masara mai jure fari a ƙasashen Afirka 13. Daga 2016 zuwa 2020 a ka ci gaba da shi, a ka ƙara da zafi da cututtuka. An kashe kuɗi masu yawa, saboda haka tilas a ka tambaya, shin an ci gaba kuwa?

A shekarar 2017 a ka bayyana amsar da ta shafi gabashi da kudancin Afirka. An tara hajin 67, watau waɗanda su ka fi kyau cikin waɗanda CIMMYT ta samar daga 2000 zuwa 2010, an shuka su tare kamar yadda na bayyana. Su da hekta su ke lissafi, ni kuwa na mayar muku da shi fadan, gama hekta ɗaya fadan biyu ce da kusan kashi biyu cikin biyar.

Inda ruwa da taki su ka wadata, iri ya ƙara kamar kilo 46 a fadan kowace shekara. Cikin shekara goma ke nan kilo 460, wajen buhu biyar na kilo 90. Inda ciwon nan mai sa ganye zane-zane fari ya kama gona, ƙarin ya kai kilo 59 a shekara, don an sami maganinsa cikin jinin masarar kanta. Amma cikin farin ganganci ƙarin kilo 14 ne kawai a shekara, buhu ɗaya da rabi cikin shekara goma. Cikin farin da ya zo da kansa, ba shiri, kilo 9 da rabi ne, watau buhu guda cikin shekara goma. A ƙasa mai yunwa ma wajen kilo 9.

A Afirka ta Yamma, Dokta Badu-Apraku na IITA da abokan aikinsa sun yi irin wannan awo da masara mai saurin nuna guda 50. Waɗannan ba hajin ba ne, irin da manomi ke iya ajiyewa ne ya sake shukawa, amma hanyar awon ɗaya ce. Sun kasa su kashi uku, na 1988 zuwa 2000, na 2001 zuwa 2006, da na 2007 zuwa 2010. An bayyana sakamakon a 2013. Cikin fari, na fari sun ba da kamar buhu shida da 'yan kai a fadan, na ƙarshe kamar bakwai da rabi. Da ruwa isasshe, na fari kamar buhu goma sha biyar da rabi, na ƙarshe kamar goma sha takwas da rabi.

Ku dubi lissafin nan da kyau, akwai magana biyu a ciki. Ta fari, ci gaban gaskiya ne, ba cika baki ba ne. An auna, an sake aunawa, sababbin sun fi tsofaffin, cikin daɗi da cikin wuya. Kuma jure fari bai rage musu amfani a shekara mai kyau ba, abin da mutane da yawa su ke tsoro ke nan da fari. Ta biyu, ku duba yadda fari ya yi wa sabon irin kansa: daga buhu goma sha takwas ya komo bakwai. Ashe iri mai jure fari ba iri ne da ba ya shan ruwa ba. Ya fi tsohon da buhu guda ko ɗaya da rabi ran wuya, shi ke nan. Buhu guda ran wuya ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, na sani. Amma duk wanda ya ce maka masararsa za ta yi kamar dawa feterita in ruwa ya ɗauke, ko bai sani ba ne, ko yana so ya sayar. Ni a ganina, wanda ba shi da hanyar ban ruwa kada ya rage gonar dawarsa saboda kowace irin masara.

Akwai kuma abin da awon nan bai taɓa ba. Ba a Sudan a ka yi shi ba. Ƙasarmu baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. A watan Agusta masara a nan ta kan sha wuya daga kwanciyar ruwa kamar yadda ta ke sha daga ƙishi a Satumba, masara kuwa ba ta son ƙafarta cikin ruwa ko na kwana uku. Irin da a ka zaɓa don fari ba a zaɓe shi don wannan ba. Sa'an nan ga zafi. Masanan CIMMYT sun nuna a 2013 cewa masarar da ta jure fari shi kaɗai ba lalle ne ta jure fari da zafi in sun haɗu ba. Ga kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo Afirka a 2016, bayan an gama fitar da dukan irin da a ka auna. Haka nan gonar gwaji ana lura da ita kamar jariri, amfaninta ya kan fi na gonar talaka.

GWAJI A GONARKA

To, tun da haka ne, sauran awon naku ne. Kada ka sayi iri na fadan biyar don ka ji labari. Sayi kilo ɗaya ko biyu, ka gwada shi da wanda ka saba, ko na gida ne, ko Hudeiba da hukumar binciken aikin gona ta Sudan ta fitar.

Zaɓi wurin da ƙasarsa ta yi kama da juna, ba gindin itace ba, ba bakin hanya ba, ba inda garke ya kwana ba. Yi kunyoyi kamar na auduga, santimita 80 tsakani. Ka auna fili shida, kowane fili kunya bakwai, tsawonsu mita 25. Uku na sabon iri, uku na tsohon. Kada ka sa sabon duka a gabas tsohon duka a yamma. Kasa filayen biyu-biyu, kowane biyun ka jefa kwabo, ko ka sa yaro ya zaɓi tsinke, a san wanda zai zauna dama. Kafa turke a kan kowane fili, ka kuma zana a takarda, don turke ya kan ɓace.

Shuka duka rana ɗaya, rami ɗaya da tazara ɗaya, ka cire ka bar tsiro daidai wa daida. Nan ne mutane da yawa su ke ɓata gwajinsu. Mutum ya sayi iri da tsada, sai zuciyarsa ta karkata gare shi, ya fara nome shi, ya ƙara masa taki da hannu biyu, tsohon kuwa sai in an sami sarari. Da kaka sai ya ce sabon ya yi abin mamaki. In za ka sa taki, auna shi da gwangwani ɗaya ga kowane fili. In ba za ka sa ba, kada ka sa wa kowa. Wanda ya san ba zai iya sayen taki baɗi ba, gara ya yi gwajin ba taki, domin ya ga irin a cikin halin da zai zauna da shi.

Lokacin fure ka riƙa leƙawa da safe. Rubuta ranar da rabin filin ya fid da furen sama, da ranar da rabi ya fid da gashi. In ruwa ya ɗauke, rubuta kwana nawa. In ruwa ya kwanta, rubuta wane fili ne ya fara yin rawaya. Ka ja wa yara kunne kada su karya na gashi a filayen nan, goyo goma da a ka gasa sun isa su juyar da lissafi.

Da girbi, ka bar kunyar gefe ta dama da ta hagu, gama su suna cin iska da hasken da na tsakiya ba su samu. Girbe biyar na tsakiya kaɗai. Kunya biyar masu santimita 80 mita huɗu ke nan, sau tsawon mita 25, ya zama murabba'in mita 100. Fadan kuwa murabba'in mita 4,200 ce. Saboda haka abin da ka samu a fili ɗaya, in ka riɓa shi sau 42, ka sami na fadan. Kafin ka karya, ƙidaya kara, ƙidaya goyo, ka san nawa ne su ka tsaya hannu banza.

Shanya na kowane fili dabam, kwana ɗaya da juna, har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Sa'an nan a ɓare, a sheƙe, a auna da sikeli. Kada a auna da totuwa, wani iri totuwarsa ƙatuwa ce. Kada kuma a auna ɗanye, mai jinkirin nuna ya kan fi nauyi don ruwan da ke cikinsa. Sikelin da a ke rataya buhun auduga ya isa.

Ga misali, ba na gonar kowa ba, don lissafi kawai. A ce tsohon iri ya ba da kilo 11, da 13, da 12. Haɗa, raba uku, kilo 12. Sau 42, kilo 504, buhu biyar da rabi a fadan. Sabon ya ba da 14, da 15, da 16, tsakaicinsu 15, sau 42, kilo 630, buhu bakwai. A nan sabon ya ci a dukan wurare uku, ana iya amincewa da shi kaɗan. Amma da a ce ya ba da 10, da 15, da 20, tsakaicin dai 15 ne, amma filayensa sun saɓa wa juna fiye da yadda ya saɓa wa tsohon, har a wuri ɗaya tsohon ya kayar da shi. Wannan ƙasa ce ke magana, ba iri ba. Sai a sake.

Ko ya ci ma, sauran lissafi ɗaya. Cire kuɗin irin fadan guda daga kuɗin buhu ɗaya da rabin da ya ƙaru, ka ga abin da ya rage, ka tuna baɗi ma sai ka saya. Ka kuma ba uwargida ta daka ta tuƙa, ka ajiye kwano guda wata uku ka ga yadda ƙwari za su yi da shi.

Damina ɗaya ba ta yanke hukunci, sai biyu ko uku, har a sami mai ruwa da marar ruwa. Abin da ke gajarta jiran shi ne mutum biyar ko shida a ƙauye ɗaya su yi gwajin tare, kowa a gonarsa, wani a gaɓar kogi, wani a tudu, wani bayan auduga, wani bayan riɗi. Da kaka a haɗa takardun. Wanda rubutu ko riɓawa sau 42 ya ba shi wuya, ya kawo takardarsa wurin malamin gona ranar awon auduga, tare da jakar da irin ya zo a ciki, domin a rubuta ainihin sunansa da shekarar da a ka cika ta.